Renon Yara A Ƙasar Da Ba Ta San Rani Ba

Idan aka ce wane ya kwashi iyalinsa ya tafi karatu ƙasar waje, abin da yakan fara faɗo wa mutanenmu a rai shi ne sanyi da ƙanƙara da manyan rigunan ulu. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin tun zamanin En'e Ingila ce alƙiblar masu neman ilmin zamani. Amma cikin shekarun da suka biyo bayan 2010 sai alƙiblar ta karkata gabas. Malaman jami'o'i da na kwalejoji masu yawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Bauci da Maiduguri suka nufi ƙasar Malesiya neman digiri na biyu da na uku, waɗansu da tallafin asusun nan na TETFund, waɗansu kuwa da kuɗin aljihunsu. Tun da yake digiri na uku ba ya kammaluwa ƙasa da shekara uku, sau da yawa ma har ya kai huɗu ko biyar, da damansu ba su iya barin mata da ƙananan yara a gida ba. Zaman waɗannan iyalai, da yadda ake renon yara a can, shi ne abin da za mu duba a wannan mako.

Malesiya dai tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya. Turawan Ingila ne suka mulke ta kamar yadda suka mulke mu, ta kuwa sami 'yancin kanta ran 31 ga Agusta, 1957, watau ta riga mu da shekara uku. Mutanenmu sun fi taruwa a kewayen babban birnin, Kwala Lumfur: waɗansu a garin Serdang, kusa da Jami'ar Putra wadda ta samo asali daga wata makarantar aikin gona ta 1931, waɗansu kuma a Gombak, inda Jami'ar Musulunci ta Duniya take. A Serdang na sauka, saboda haka galibin abin da zan faɗa abin da ke gudana can ne.

Abu na farko da mai karatu zai riƙe shi ne, ƙasar nan ba ta da rani, ba ta da hunturu, ba ta da bazara. Tana dab da layin da ya raba duniya biyu, don haka jiya kamar yau, yau kamar gobe, tun daga Janairu har Disamba. Da rana zafi kan kai awo 32 ko 33, da dare ya sauko wajen 24. Mutumin Sakkwato zai ji wannan ya yi dariya, ya ce ai ko rabin bazararsu bai kai ba. To amma zafin can jiƙaƙƙe ne. Iska a cike take da laima, gumi ya fito ya ƙi bushewa, mutum ya fito daga wanka kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Ruwan da ke sauka a Kwala Lumfur cikin shekara ya haura milimita 2,000 nesa ba kusa ba, alhali na Kano da ƙyar yake kaiwa 1,000. Galibi da la'asar hadari ke haɗuwa, a yi tsawa irin wadda ke sa yaro ya ruga ya shige zanen uwarsa, a tsuge kamar da bakin ƙwarya, bayan sa'a guda rana ta fito kamar ba a yi ba.

Uwar gida ce ke fara ɗanɗana kuɗar wannan yanayi. Wankin da zai bushe a tsakar gidan Kano kafin a sauke tukunya, a can sai ya kwana biyu a kan igiya yana bugawa. Kukar miya da daddawa da busasshiyar kuɓewa da aka ɗauro tun daga gida, aka yi ta lallaɓa su a filayen jiragen sama, in aka bar su a kwano mako biyu sai a tarar sun yi funfuna. Haka kilishi, haka takalmin fata, har littattafan maigida ba su tsira ba. Tilas kome ya shiga firiji. Sa'an nan ga jariri. Matanmu sun saba su lulluɓe sabon haihuwa da hula da safa da shawul, su shafe shi da mai tun daga ka har ƙafa, domin haka iskar arewa ke bukata. A can wannan kulawa ita ce ke jawo ƙurajen zafi a wuya da hammata da matse-matsi. Sai uwa ta koyi barin ɗanta da 'yar shimi kawai, tana yi masa wanka sau uku a yini, zuciyarta tana raya mata cewa da uwarta za ta gani da ta sha faɗa.

Agogon ƙasar ma sai an saba da shi. Tun ran 1 ga Janairu, 1982 hukuma ta tura agogon yammacin ƙasar gaba da rabin sa'a domin ya daidaita da na jihohin Sabah da Sarawak, shi ya sa rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, ba ta kuma faɗuwa sai bayan 7 na yamma. Asuba wajen 6, Azahar bayan ƙarfe 1, Lisha kuwa sai wajen 8 da rabi. Suna gaba da mu da sa'a 7. Sa'ad da tsohuwa a Kano ta sallame sallar Asuba tana lazimi, jikokinta a Serdang sun ci abincin rana. Kowane gida da ƙididdigar da yake yi kafin ya buga waya, don kada a ta da mai barci ko a sami mai salla.

Gidajen da ɗalibai ke haya benaye ne masu hawa goma sha ko ashirin da wani abu, ɗaki uku da falo. Babu zaure, babu tsakar gida, babu ƙofar gida da yaro zai fita ya sami sa'o'insa suna langa. Tagogi duk an yi musu ƙarafa, kuma duk uwa mai hankali takan fara duba su kafin ta duba madafa, domin yaro mai rarrafe da hawa na goma sha biyar ba abin wasa ba ne. A ƙasa akwai lilo da zamiya, waɗansu gidajen har da tafkin wanka. Amma daga hantsi zuwa la'asar ƙarfen zamiyar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, daga la'asar kuma ga hadari. Abin da ya rage wa yaro na wasan waje bai fi sa'a guda ba kafin Magariba. Sauran yinin a ɗaka yake, tsakanin fanka da talabijin.

Gaskiya ɗaya ce, ta fannin jin daɗi ba a magana. Wuta ba ta ɗaukewa sai da wani babban dalili. Ruwan famfo yana zuwa dare da rana, sai fa in an sami gurɓatar kogi kamar yadda ta faru a jihar Selangor a 2020, aka yi kwanaki ana bin tankokin ruwa. Mace za ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga jirgin ƙasa, har ma akwai taragon da aka keɓe wa mata zalla. Kowace babbar kasuwa da kowane gidan mai na kan hanya akwai ɗan masallacin da suke kira surau, da wurin alwala na mata daban. Duk wannan na gani, na kuma yaba. To sai dai akwai abin da ba a sayarwa a kanti.

Mu a nan mun tashi da jin cewa ɗa na kowa ne. Uwa na girki, kishiya ko facala ta goya mata. Yaro ya yi kuka, kaka ta karɓa. Ya yi rashin kunya a waje, dattijon unguwa ya tsawata masa kafin labari ya iso gida. Mutum bai san yawan hannuwan da ke renon ɗansa ba sai ran da ya rasa su. A Serdang hannuwa huɗu ne kawai, biyu daga ciki kuma suna ɗakin bincike tun safe. Takardar zama da ake ba matar ɗalibi ba ta halatta mata yin aiki ba, saboda haka za ka sami malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya, wadda a gida ba ta da lokacin kanta, tana zaune tsakanin bango huɗu da yara uku, babu mai sallama, babu mai cewa a ba ta aron rariya. Matan da na zanta da su ba su yi ƙorafin abinci ko zafi kamar yadda suka yi ƙorafin shiru ba.

Wannan hali ya koya wa maza abin da ba su je nema ba. Na ga malamin jami'a, wanda a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa, ya saɓa jariri a kafaɗa yana jijjigawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana juya takardun bincikensa. Na ga wani ya yi wa 'yarsa wanka ya shirya ta makaranta domin uwar ta kwana ba ta runtsa ba. A garinsu da tuni an sa masa suna mijin-ta-ce. A can babu mai faɗa, domin wanda zai faɗa shi ma ga nasa a kafaɗa. A ganina wannan yana cikin ilmin da ya fi cancanta su dawo mana da shi, ko da yake ba a rubuta shi a jikin takardar digiri ba.

Inda rashin dangi ya fi ciwo shi ne haihuwa. Ɗan ƙasa in ya je ƙaramin asibitin gwamnati ringgit 1 kacal yake biya a duba shi. Baƙo kuwa ninkin-ba-ninki yake biya, haihuwa kuma, balle in ta zo da tiyata, tana iya cinye tanajin watanni. Wannan na kuɗi ne. Na zuciya ya fi shi. A gida mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, in ta sauka tsohuwa ta tsaya a kanta kwana arba'in, ga wankan jego da ganye safe da yamma, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama. A can sai matan 'yan'uwa ɗalibai su raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo farfesu yau, waccan ta kwashi manyan yaran gobe, wata da ta ɗan manyanta ta zo ta gasa wa mai jego jiki da tawul. Kanwa kuwa ba ta samuwa sai wadda aka zo da ita, kuma wataƙila hakan alheri ne, domin tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna cewa yawan kunun kanwa da tsananin zafin jego suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa.

Abin sha'awa, Malayawa, watau ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, su ma suna da jegonsu. Suna kiransa pantang, kwana 40 ko 44, mace ba ta fita, ana yi mata tausa, ana ɗumama mata ciki da dutse mai zafi da aka naɗe a tsumma, a ɗaure cikin da dogon ƙyalle. Shi ya sa tsohuwar Bamalaya maƙwabciya, in ta ji an haihu, ba ta bukatar dogon bayani. Wata mai jego ta gaya mini cewa maƙwabciyarta ta gan ta a bakin lifta kwana goma da haihuwa, ba su jin harshen juna, amma da hannu da ido matar ta kora ta ɗaka, irin korar da uwarta za ta yi mata.

Ran suna babu maroƙi, babu kiɗan ƙwarya, babu wanzami. Maza su taru a surau bayan sallar Asuba ko a falon maigida, a raba dabino, a yi addu'a. Ragon kuwa sau da yawa a gida Nijeriya ake yanka shi, dangin da ba su taɓa ganin jaririn ba su ci nama, a aiko da hoto ta waya. Daga nan uba ya shiga zirga-zirgar takardu. Haihuwa a Malesiya ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Za a rubuta shi a ofishin rajista a ba shi takardar haihuwa mai nuna cewa ba ɗan ƙasa ba ne, a je ofishin jakadancin Nijeriya a yi masa fasfo, sa'an nan a nema masa izinin zama wanda zai ƙare ranar da na ubansa ya ƙare. Jariri bai iya zama ba, amma an riga an rubuta masa ranar tashi.

Ciwon da iyaye suka fi tsoro ba zazzaɓin cizon sauro irin namu ba ne, wannan sun ci ƙarfinsa a birane. Zazzaɓin dengi ne. Sauron da ke kawo shi mai ratsin fari da baƙi ne, da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma yamma, watau daidai lokacin da yara ke samun fita. Saboda haka gidan sauro na dare bai wadatar ba. A ruwa mai tsabta yake ƙwai, ko da wanda ya taru a ƙarƙashin tukunyar fure ne, kuma jami'an lafiya na da ikon cin tarar gidan da aka sami tsutsarsa. A shekarar 2019 waɗanda suka kamu a ƙasar sun haura 100,000, jihar Selangor ce kuma kan gaba. Makircin wannan ciwo shi ne, sa'ad da zafin jiki ya sauka, bayan kwana uku zuwa bakwai, uwa ta ce alhamdu lillahi an sami sauƙi, a lokacin ne hatsarin ya fi girma. Ba a ba mai shi asfirin domin yana iya jawo zubar jini. Duk uwar da ta shekara a can ta haddace wannan. Wani abin kuma shi ne hayaƙi. In aka ƙone dazuzzuka a tsibiran Indunisiya iska kan kwaso hayaƙin ta lulluɓe gari, kamar yadda aka yi a 2015 da 2019 har aka rufe makarantu. Sabon zuwa zai ce hazo ne, har ya ji daɗi ya tuna gida, sai ya ji ƙauri a maƙogwaro.

Batun ciki bai zama matsala ba, ga yara dai. Shinkafa ce abincin ƙasar, nama mai hatimin halal ko'ina, ga alayyafo da ɗanyar kuɓewa da rogo da kifi a kasuwar dare da ke ci mako-mako a kowace unguwa. Gero da dawa ne babu, sai a tuƙa tuwon shinkafa ko na garin alkama. Wani abin dariya, Malesiya ce ta biyu a duniya wajen man ja, bayan Indunisiya, kuma asalin itacen daga Afirka ta Yamma yake, amma wanda ke kantunansu tatacce ne mai ruwan ɗorawa. Mai son jan manja na miya sai ya nemi shagunan 'yan Afirka. Yaran kuwa tuni suka sauya sheƙa. A ba su nasi lemak, watau shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa aka haɗa da yaji da gyaɗa da ƙananan kifi da ƙwai, ko roti canai, wata irin gurasa mai laushi ta Indiyawa Musulmi, su cinye su nemi ƙari. A ajiye musu tuwo da miyar kukar da aka yi tattalinta wata shida a firiji, su tsaya suna kallon uwar kamar ta yi musu laifi.

Harshe ma haka yake tafiya. Yaron da aka sa a tadika, watau makarantar share fage, cikin wata shida zai dawo da Turanci mai gauraye da Malayanci, yana ƙarasa kowace magana da "lah". Zanen wasan yara na Upin da Ipin, wanda aka fara nunawa a 2007, ya koya wa 'ya'yanmu Malayanci fiye da kowane malami. Karatun Alƙur'ani ba da allo da tawada suke farawa ba, da waɗansu ƙananan littattafai shida ne da ake kira Iqra. In suka ga babba sai su kama hannunsa su kai goshi, gaisuwar Malayawa ke nan, kuma lalle tana da kyan gani. Malayawa Shafi'awa ne, don haka yaron da ya saba bin ubansa masallaci ya san ana ɗaga hannu a yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u a sallar Asuba, abin da zai nema ya rasa a masallacin unguwarsu.

Hausar ce ke shan wuya. Suna ji, amma da Turanci suke mayarwa. A miƙa wa yarinya waya a ce ga Hajiya Kaka, ta ce "Ina kwana, Hajiya," tsohuwa ta amsa da murna ta jero mata tambayoyi da kirari, yarinya ta juyo tana duban uwarta a fassara mata. Gidajen da na ga yaransu sun riƙe harshe su ne waɗanda suka kafa doka cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki ba a yin wani yare sai Hausa, uwa kuma ba ta gajiya da tatsuniya.

Ba zan ɓoye ba, baƙar fata na da nasa ƙalubale a can. Laifin waɗansu 'yan damfara ya shafa wa kowa kashin kaji, har akwai masu gidajen da in suka ji ɗan Afirka ne sai su ce an riga an kama. Amma mai iyali ya fi gwauro samun sauƙi, kuma sau da yawa yaran ne ke buɗe ƙofa. Malayawa mutane ne masu kunya da kawaici, ba su cika fara magana da baƙo ba, sai dai ba sa iya wuce jariri goye a baya da zane ba su tsaya ba. Da azumi masallatai kan raba wani kunun shinkafa mai nama da suke kira bubur lambuk, ba a tambayar mutum daga ina yake. Da Ƙaramar Salla kuma suna buɗe gidajensu ga kowa, su ba yara kuɗi cikin 'yan korayen ambulan. Yaranmu ba su sha wahalar gane wannan ba, barka da salla ce aka sa mata riga.

Abin da ya girgiza wannan zama shi ne faɗuwar naira. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Albashin malami da ake aiko masa daga gida ya narke a hannu, alhali kuɗin haya da na makarantar yara da na sabunta takardun zama na kowane kai suna nan yadda suke. Gidaje da yawa suka yanke shawara mai ɗaci, uwa da yara suka komo, maigida ya koma ɗaki guda da 'yan'uwansa ɗalibai ya ƙarasa. Asusun TETFund kuma ya ba da sanarwar dakatar da tura sababbin malamai karatu waje daga farkon 2025.

Su kuwa yaran da suka komo, in aka yi dace saukarsu ta zo cikin Disamba, sai ka ga abin tausayi da ban dariya. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, yaron da bai taɓa sanin man shafawa ba ana bin sa da kwalba safe da yamma. Wuta ta ɗauke ya tambaya wa ya kashe. Ya kama hannun kakansa zai kai goshi, tsoho ya janye yana tambayar wannan kuma wace irin gaisuwa ce. Kwana biyu yana maƙale da uwarsa, yana kallon 'ya'yan baffanninsa goma sha suna tsere a tsakar gida. A rana ta uku sai a neme shi a rasa, a same shi a ƙofar gida ba takalmi, ya yi buɗu-buɗu da ƙura, wata gwaggo da bai san sunanta ba tana yi masa faɗa.